Murfin Tukunyar Koko da Na Saka Miki a Akwati

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'Yar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina gaida abin da kike ɗauke da shi wata shida ke nan. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe takardar nan kun riga kun sauka lafiya, mota ba ta jijjiga ki da yawa ba, ƙafafunki ba su kumbura ba. Daga tashar Circle zuwa can bayan Bawku tafiya ce mai nisa ko ga wanda ba shi da ciki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa ki tarar da mutanen kirki a inda kika nufa.

Na san za ki yi mamaki in kika ɗaga zannuwanki kika ga murfin tukunya a ƙasan akwati, tsoho, gefensa a lanƙwashe. Kada ki ce Mma ta fara ruɗewa. Da gangan na saka shi, kuma kada ki ba surukarki ta rufe miya da shi. Ki karanta har ƙarshe za ki gane.

Ina rubutun nan ne ana gobe za ki tafi, bayan na tashi daga sayar da koko. Ɗazu da kika zauna kusa da ni ina tace gasara, sau uku na buɗe baki zan yi miki magana, abin da ya fito kawai shi ne, "Kin ɗauki man zafi?" Kin san halina. Alƙalami ya fi mini sauƙi. Abin da ke cina shi ne wannan: nan da wata uku naƙuda za ta same ki a gidan da ba ni, kuma ina tsoron ki yi shiru. Ranar bikinki surukarki ta riƙe haɓarki a gabana, ta ce abin da ya sa ta so ki shi ne ba a jin muryarki. Ta ce ita takwas ta haifa a bayan ɗaki, ba wanda ya sani sai da aka ji kukan jariri. Matan da ke wurin suka yi ta sa mata albarka. Ni kuwa gabana ya faɗi, kuma har yau bai koma daidai ba. Mutuniyar kirki ce, hannunta a buɗe yake, ba zaginta nake yi ba. Ni ma na taɓa yin irin maganarta, shi ya sa na san inda take kai mutum.

Kuskurena na farko tun ina yarinya na yi shi. Kawuna, ƙanin Inna, yana fataucin goro zuwa Kano, in zai dawo sai ya zo da tsofaffin littattafan soyayya cike da buhu. Ba don karatu yake kawo su ba, matarsa ce ke naɗe gyaɗa da takardunsu. Ni nake sacewa in ɓoye a ƙarƙashin tabarma. Yawancinsu ba su da ƙarshe, an riga an yage an sayar da gyaɗa a ciki, sai in kwanta in ƙirƙira musu ƙarshe da kaina, kullum mai daɗi. A cikin littattafan nan yarinyar da ake so ita ce mai sunkuyar da kai tana wasa da yatsunta, wadda in an ɓata mata rai hawaye ne kawai ke gangarowa, ba a jin ko shessheƙarta. Haihuwa kuwa layi ɗaya ce. A ce bayan wata tara ta sauka lafiya, an samu ɗa kyakkyawa mai kama da ubansa, sai a shiga labarin kayan suna. Ba gumi, ba jini, ba tsoro. Ga Inna kuma a gefe tana cewa 'yar mutunci ba a jin muryarta in tana kan gwiwa. Da littafi da uwa suka haɗu a kan magana ɗaya, wa zan tambaya kuma? Na ɗauka shiru ado ne, kamar kwalli.

Ban hana ki karatunki ba. Na sha ganinki da waya a hannu kina murmushi ke kaɗai, na san abin da kike karantawa, kuma na san daga wa kika gado. Ki karanta, yana sanyaya rai. Amma ki riƙa tuna cewa mai rubutu yana tsallake wurin da ya fi wuya, ke kuma ba za ki samu tsallakewa ba.

Kuskure na biyu ranar da na haife ki ne. Kin san gidanmu na Nima, ɗaki jingine da ɗaki, in mutum ya yi tari a ƙarshen gida na bakin ƙofa zai ce masa sannu. A irin gidan nan yin shiru ya fi wuya, shi ya sa aka fi yabonsa. Ciwon ya fara mini ina kan zuba wa mutane koko. Na gama sayarwa, na wanke tukunya, na shiga ɗaki na tura ƙyaure. Na ɗauki muciya na sa a baki. Ba zan iya gaya miki awa nawa na yi ba. Na dai tuna kwanon rufi yana juyawa a kaina, na tuna na yi kalmar shahada a zuci don na tabbata tafiya ce ta zo. Wajen azahar kika faɗo. Kukanki ne ya tara mutane.

Mma Lariba, ungozomar lungunmu, wadda kika sani yanzu da sanda da ido ɗaya, a lokacin da ƙarfinta. Ta shigo ta gan ni kwance cikin jini, ta rangaɗa guɗa, ta leƙa tsakar gida ta ce, "Ku zo ku ga 'yar asali. Haihuwar fari, ko uhum ba ta ce ba." Ranar suna matan gida suka haɗu suka ba ni atamfa shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Daga nan duk amaryar da ta samu ciki a lungun sai a nuna mata ni, a ce ta yi koyi da Sa'a.

Haƙorina na gefe da ya karye, wanda na ce miki dutse ne a cikin shinkafa, ƙarya na yi miki. Muciyar ce. Wata uku ban iya zama daidai ba, ina tafiya jiri na ɗibata, ban gaya wa kowa ba. Allah ne kawai Ya yi da sauran kwanana a gaba. Amma na karɓi atamfar, na ɗinka, na sa, ina tafe ina jin kaina kamar yarinyar cikin littafi. Sa'a na ci, kamar sunana, sai na bari aka kira ta jarumtaka.

Saboda haka in mata suka zauna suna ba ki labarin yadda suka haihu su kaɗai, ki saurara da ladabi, kada ki musa musu. Amma ki tuna waɗanda suka tsira ne kawai ke zaune a wurin. Sauran ba su zo ba da labari ba.

Na uku shi ne wanda ya fi mini wuyar rubutawa. Kin tuna Barikisu? Kina shekara bakwai lokacin. Ita ce mai yi miki kitso a ƙofar ɗakinta tana ba ki ƙuli-ƙuli don ki daina motsi. Daga arewacin ƙasar nan mijinta ya kawo ta, shi direban babbar mota ne, yau yana nan gobe yana Tamale. Ɗakinta na jingine da nawa. Ban taɓa ganin mace mai surutu irinta ba. Tana wanka tana waƙa, tana daka tana tsokanar masu wucewa, dariyarta har bakin titi. Hausarta irin ta nan Zongo ce, ba ta bambanta mace da namiji, kowa namiji ne a bakinta. In ta same ni da littafi sai ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Yaya Sa'a, yau kuma wa ya mutu cikin takardanka? Na ga idonka ya yi ja." In ce mata ba wanda ya mutu, rabuwa suka yi. Ta ce, "To shi ne kake kuka? Ka bar shi ya zo Nima, maza sun yi yawa, har na siyarwa akwai." Ni da ba na iya haɗa ido da mutane, ita ce ta fara sa ni dariya da ƙarfi a gidan nan. Na so ta kamar ƙanwar da Inna ba ta haifa mini ba.

Da cikinta ya kai wata takwas, wata safiya muna layin famfo, ta matso ta ce mini a hankali, abin da ba ta saba ba, "Yaya, da zafi sosai?" Na ce kamar ciwon mara ne, daurewa ake yi. Ta yi dariya ta ɗaga murya ta ce, "Ni da wannan baki nawa? Wallahi har unguwar Maamobi za su ji ni." Mata suka kwashe da dariya. Mma Lariba ba ta yi ba. Ta ce, "To ki yi. Ga maza nan zaune a ƙofar gida. Mijinki ya dawo a ce masa akuya ya auro." Dariyar ta ƙaru. Barikisu ta yi murmushi, amma na ga fuskarta ta canza. Ta ɗauki bokitinta bai ma cika ba.

Da yamma ta kawo mini katinta na awo. Ta ce nas ta gaya mata yaron bai kwanta daidai ba, da ta ji ciwo ta zo asibiti kada ta jira. Ni ce mai karatu a gidan, shi ya sa ta kawo mini. Na juya katin, rubutun likita ne, ban gane komai ba, kuma na ji kunyar in ce ban gane ba. Na ce mata, "Haka suke gaya wa kowa."

Ranar Juma'a ce. Ta zo wurin koko da sassafe ba ta tsokani kowa ba. Na ga yadda ta dafa bencina, na ga gumi a goshinta alhali gari da sanyi. Na gane. Mijinta yana hanya. Na raka ta ɗaki, na cire ɗankwalina na ninka na ba ta, na ce in ya taso ki ciji wannan. Ta karɓa ta ce, "Kai ka yi, ni ma zan yi." Na koma na ƙarasa ciniki. Na zauna ina wanke tukunya a jikin bangonta, ina kasa kunne. Ban ji komai ba. 'Yar Inna, in gaya miki gaskiya, daɗi na ji. Na ce a raina yau za su san Barikisu ma 'yar asali ce.

Da hantsi na leƙa. Tana durƙushe, ta riƙe ƙafar gado, leɓɓanta sun bushe. Ta cire ɗankwalin daga baki ta ce, "Yaya, ka ji muryana?" Na ce ban ji ba. Ta ce, "To na iya." Can kuma ta ce, "Amma kamar ba daidai ba. Mu je asibitin?" Na kira Mma Lariba. Ta duba ta, ta ce a ba ta rubutu ta sha, a ƙara jira. Ni kuma na leƙa ƙofar gida na ga maza cike da benci, sun yi wanka sun sa fararen kaya suna hira. Ta gabansu za a wuce da ita, zani a jiƙe, tana nishi. Na dawo na ce mata, "Ki bari su tafi masallaci tukuna."

Ta bari. Ba ta taɓa musa mini ba.

Da suka tafi sai muka ga abin da muka yi wa kanmu. Ba ta iya tsayuwa, kuma ba namiji ko ɗaya a lungun da zai ɗauke ta. Mota ba ta shigowa lungunmu, kin sani. Mu huɗu mata muka ɗora ta a kan bencin koko, muka bi lungu muna karo da bango, muka haye katakon kan kwata yana lanƙwasa. Da muka fito babban titi sai muka tarar an shimfiɗa tabarmi har tsakiyar hanya, an tayar da salla, ba motar da ke motsi. Muka ajiye ta a gefen wani shago muna jiran a sallame. Wani mai tasi, ba Musulmi ba ne, ya gan mu, ya yi baya da motarsa ya zagaya da mu ta wajen Kokomlemle. Kanta na kan cinyata. Har lokacin ɗankwalin na bakinta.

A asibiti wata nas ta tambaye ni da yaren Twi tun yaushe ta fara. Na ce tun safe. Barikisu ta girgiza kai, ta ce tun jiya da la'asar. Nas ɗin ta dube ni ta ce, "Kuna gida ɗaya, ba wanda ya ji?" Na ce ba ta yi ƙara ba. Ta tura gadon suka shige. Kafin la'asar aka fito aka ce mana ita da yaron duka babu. Cikin kayanta da aka miƙo mini har da ɗankwalina. Duk ya huje.

Ki ji ni da kyau. Ciwo na fara miki, ki faɗa. Ba sai kin tabbata ba. In kika je aka ce ba ita ba ce, ki dawo gida a yi miki dariya, dariya ba ta kashe kowa ba. In maza na ƙofar gida, ki wuce ta gabansu. Duk wanda ke zaune a bencin nan mace ce ta durƙusa ta haife shi. In aka rubuta miki abu a kati ba ki gane ba, ki koma ki ce ban gane ba, a sake faɗa miki. Kuma duk wadda ta ce ki jira, ko ni ce na tashi daga Nima na zo na ce ki jira, kada ki jira.

Kuskure na huɗu ya fi sauran tsawo, don shekaru na yi ina yin sa. Mijin Barikisu ya dawo ya tarar an riga an binne. Ya zo har ƙofata ya durƙusa yana kuka, ya ce an gaya masa ni na tsaya mata har ƙarshe, Allah Ya saka mini. Na ce amin. Na karɓi godiyarsa kamar yadda na karɓi atamfar. Kowa a gidan ya ce kwananta ne ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Amma mun ɗauki maganar mun rufa da ita kamar bargo, don kada mu kalli juna. Aka ba wasu hayar ɗakinta. Aka daina ambaton sunanta. Ke ma da kika tambaye ni ina Anti Barikisu, na ce ta koma garinsu. Na daina sa shuɗiyar atamfar, na daina karatun littattafai, ba wanda ya tambaye ni dalili. Kuma aka ci gaba da nuna ni ga amare, ni kuma ina sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Sai shekara huɗu da suka wuce, kina makarantar kwana lokacin. Rahina, matar tela, tana da cikin fari. Muna layin famfo kamar wancan karon, ina riƙe da murfin tukunyar koko zan ɗauraye. Maƙwabciyarmu Maman Fati ta ce mata, "In kina son ki san yadda ake yi, ga Sa'a nan, ko uhum ba ta ce ba." Rahina ta juyo ta dube ni. Tsayuwarta, da yadda ta tallafe cikin da hannu ɗaya, sai na ga Barikisu. Hannuna ya saki. Murfin ya faɗi a kan siminti, ya yi wata irin ƙara yana juyawa, kamar ba zai daina ba. Kafin ya tsaya gidan gaba ɗaya ya fito. Masu barci sun tashi, yara sun sheƙo, har mazan ƙofar gida sun leƙo suna tambaya lafiya. Na tsaya ina kallonsu, mutum wajen ashirin a cikin ƙiftawar ido, saboda murfin tukunya. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Da Barikisu ta samu wannan."

Maza suka koma. Mata ba su motsa ba. Famfo na zuba, bokiti ya cika yana malala, ba wadda ta kashe. Mma Lariba ce ta fara magana, tana zaune a kan turmi. Ta ce, "Ƙanwata Adisa ma haka. Ni na riƙe mata baki da hannuna, don surukinta na tsakar gida." Ba mu taɓa sanin tana da ƙanwa ba. Maman Fati, wadda yanzun nan ta gama yabona, ta ce Fati ba ita ce ta fari ba, akwai namiji kafin ita, kwana biyu ta yi tana daurewa, ya fito ba rai. Anti Ajara kuwa sai ta rufe fuska da mayafi. Dukkanmu mun san dalilin da ya sa ɗakinta ba ya rabuwa da turaren wuta, da dalilin da ya sa ba ta zama a tabarmar kowa, tun haihuwarta ta fari fitsari bai sake tsaya mata ba. Shekara nawa muna gida ɗaya, muna ara wa juna gishiri, kowace da kabarinta a ciki, kowace ta ɗauka ita kaɗai ce. Muka yi kuka a wurin har rana ta take. Ba mu rungumi juna ba, ba mu saba ba. Kowace ta yi nata a tsaye, kusa da bokitinta.

Washegari na huda murfin na ɗaura masa igiya na rataye a jikin bango kusa da famfo, da tsohon ludayi a gefensa. Muka ce duk wadda ciwo ya kama, in bakinta ya yi nauyi, ta buga, ko ta aika a buga. Kin sha jin ƙararsa, kin san ma'anarsa, amma ba ki san mafarinsa ba sai yau. Kada ki ɗauka kowa ya yarda. Surukar Rahina ta ce mun mai da haihuwa tallan kifi. Wasu mazan suka ce muna tona asirin gida. Mun tambayi malamarmu ta makarantar mata, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda addini ya hana mai naƙuda neman taimako ba, amma ko da muka kawo wannan amsa wasu ba su sauko ba. Rahina kanta da ranar ta zo ba ta iya bugawa ba, maƙwabciyarta ce ta ji nishinta ta fito ta buga. Aka kai ta da wuri, aka yi mata aiki, ga ɗanta nan yana fasa mana kofuna. A lungun bayanmu kuwa, bara, an sake rasa wata, ita ma a ɗaki, ita ma shiru. Abin bai ƙare ba. A gida ɗaya kawai muka taɓa shi.

Shawarata a nan ita ce kada ki yi faɗa da surukarki, kada ki nuna mata kin fi ta sani. Ki bari wata rana kuna ku biyu, kina taya ta tsinke ganye ko kina matsa mata ƙafa, ki tambaye ta a hankali ko ta taɓa rasa wata a kan gwiwa. Za ta yi shiru. Ki jira. Akwai, na rantse miki akwai. Daga nan maganarku za ta yi sauƙi. Maigidanki kuma ki karanta masa labarin Juma'ar nan tun yanzu, kada ki bari sai ranar. A makon farko ki sa ya kai ki ki ga asibitin da ya fi kusa, ki san hanyar da ƙafarki, ki san wanda ke da abin hawa a unguwar. Murfin da ke akwatinki shi ne na ainihin, wanda ya faɗi. Na rataye wani a madadinsa. Ki ɗaure shi kusa da gadonki inda hannu zai kai. In an tambaye ki, ki ce tsarabar uwarki ce, uwarki mai koko ce, ba ta da zinariya.

Saura ɗaya, kuma shi ne ya sa nake tsoro a kanki fiye da kowa. Ke 'yar fari ce. An ce uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta wasa da ita a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Na bi wannan kamar yadda na bi sauran. Da aka yaye ki aka kai ki wurin Inna a Maamobi, na bar ki shekara uku, ina wucewa ta ƙofar gidan in leƙa ki ta katanga in tafi. Shi ya sa kika zama 'Yar Inna a bakina har yau. Kin tuna ranar da kika faɗi a bakin kwata haɓarki ta fashe? Kin sheƙo wurina da jini a riga, hannuwanki a miƙe. Kafin in dube ki sai da na dubi waɗanda ke kallo. Na ce wa Barikisu, "Ɗauke ta." Ita ta ɗauke ki, ita ta hura miki ciwon. Na ga lokacin da kika sauke hannuwanki. Tun daga ranar ba ki sake kawo mini ciwo ba. Zazzaɓi ya kama ki kina aji shida kika ɓoye har sai da kika faɗi a makaranta. Mutane suna cewa 'yar Sa'a akwai haƙuri, ta gado uwarta. Ni na san ba gado ba ne. Koya miki na yi, da hannuna, ranar nan a bakin kwata.

Ki yafe mini. Kuma abin da za ki haifa, mace ko namiji, ki kira sunansa tun ranar suna, a gaban kowa, ki ɗauke shi in ya faɗi.

Hamdiya.

Ga shi na rubuta. Shekara ashirin da biyu ina faɗarsa a zuci, ban taɓa ganinsa da rubutun hannuna ba, ashe kyakkyawa ne a takarda. Yanzun nan na gwada faɗarsa a fili ni kaɗai a ɗaki, muryata ta fito kamar ta wata. Maman Fati ta leƙo ta taga ta ce, "Sa'a, wa kike kira?" Na ce 'yata. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "To ki ƙara murya, ba ta ji ba."

Gobe a tasha, in kin shiga mota kin zauna, na yi niyyar in tsaya a jikin tagar in kira ki da sunanki, da ƙarfi, a gaban maigidanki da masu talla da kowa. Ban sani ba ko zan iya. Ke da kike karanta wannan kin riga kin sani. In kin ji, to kin ga mace mai irin bakinmu tana iya buɗe shi, ke ma za ki iya ranar da ta fi wannan muhimmanci. In kuma kin ga na tsaya ina ɗaga hannu kawai, ina gyara mayafi, to ki san na yi ƙoƙari ya maƙale, kuma shi ya sa na ba ki murfin. Ki buga shi, Hamdiya, har sai garin ya fito.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya zaunar da ku lafiya. Allah Ya raba ki da abin da ke cikinki lafiya, Ya sa in ji kukansa da muryarki a waya rana ɗaya. Allah Ya jiƙan Barikisu da ɗanta, da Adisa, da duk waɗanda ba mu ji ba. Ya yafe mana mu da muka rage. Ki gaida surukarki da kyau, ki ce ina yi mata fatan alheri. Na bar ki a hannun Wanda ba Ya barci.

Wassalamu alaikum.

Mmanki,
Sa'adatu